Kwanon Yaya Rabi

Zagaye na biyar ke nan Ɗan Azumi yana yi wa tashar motar Sokode, da tsohon fanbel na injin mota a hannu. Fanbel ɗin ba na motarsa ba ne, bai ma san na wace mota ba ne, a bola ya tsince shi wata huɗu da suka wuce. Amfaninsa ɗaya ne: duk wanda ya ga direba yana sauri da fanbel ya san wajen makaniki za shi, ba ya tambaya. Da hannu wofi yake wannan zagayen, da tuni an ce Ɗan Azumi ya fara taɓuwa.

Minti talatin likita ya ce, kullum, da sauri har zufa ta karyo. Ya ce kuma a rage sukari, a rage mai da gishiri, a raba tuwo biyu. Faɗa da baki ba wuya. Likita bai san yana magana da mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana jan mota tsakanin Sokode da Dapaong ba, hanyar da direba ba ya sa hannu a aljihu don ya ci abinci. Ka tsayar da fasinja goma sha biyar gaban mai abinci, kai naka kwanon kyauta ne, kuma ba ƙaramin kwano ba. A haka Ɗan Azumi ya tara tumbin da sai an ja kujera baya har ƙarshe kafin sitiyari ya juya.

Yanzu kilo tara sun tafi. Ƙwayar sukari biyar ta shayin safe ta koma ɗaya, ƙosai goma ya koma uku, lemon kwalba kuwa sun rabu ko sallama babu. Matarsa Salamata kaɗai ta san dalili. Ita ta huda masa sababbin ramuka biyu a bel ɗin wando da ƙusa, ita kuma ta juye masa ƙwayoyin hawan jini cikin gwangwanin alawa don kada wani ya ga kwalin.

Ɓoyon yana da dalili. Bara hawan jini ya buge wani direba, Fousséni, a kan sitiyari a gangaren Defale. Allah ya tsare, motar ta faɗa rami ba ta kife ba, amma shi har yau da sanda yake tafiya. Tun daga ranar ƙungiyar direbobi ta kafa doka: duk wanda aka samu da tansiyo, wato hawan jini, ya ajiye makulli sai ya kawo takardar likita. Ɗan Azumi ya nemi takardar a ɓoye. Likita ya auna shi ya ga awon jinin ya hau har sha bakwai, ya ce ba zai sa hannu ba sai jinin ya sauka ya zauna. Ya sauka zuwa sha huɗu, saura mako uku a sake awo. Mako uku kacal. Sai dai motar ba tasa ba ce, mai ita kuwa ba ya barin mota ta yi kwana biyu a tsaye. Ranar da ka ajiye makulli, ranar wani zai ɗauka.

Ya zo daidai rumfar mai shayi ke nan sai ga Awaisu, wani direban hanyar wanda bakinsa ya fi motarsa gudu.

"Yaya Ɗan Azumi, har yau fanbel ɗin nan bai gyaru ba?"

"Kai ma ka san makanikan garin nan."

Awaisu ya matso ya rage murya, ko da yake rage muryar Awaisu tana kaiwa mota uku. "Ka daina ɓoye mana, Yaya. Mun gane komai."

Hannun Ɗan Azumi ya tafi aljihun da gwangwanin yake. "Kun gane me?"

"Rabi mana, mai abincin garin Mango. Yaushe rabon da ka zauna ka ci a rumfarta? A leda kake karɓa. Kuma an gan ka, ranar da kake dawowa, ka tsaya a mararrabar Gando ka sauka ka ajiye ledar ka wuce. Wa ke ajiye abinci a mararraba in ba wanda malami ya ce ya mayar wa mai abu abinsa ba? Ga ka kuma kana ta narkewa kamar man shanu a rana. Sammu ta zuba maka. Mu shida mun daina tsayawa wajenta, mako biyar ke nan."

Ɗan Azumi ya tuna ranar sarai. Ya saba miƙa ledar ga masu gyaran titi, ranar bai same su ba, shi kuma ba zai iya zubar da abinci ba. Sai ya ajiye ta gindin allon mararraba, don ko cikin masu jiran mota wani mai yunwa ya ɗauka. Ko a mafarki bai kawo wata fassara ba.

"Rabi ba ta yi mini komai ba," ya ce.

"To me ya same ka?"

Ya buɗe baki, ya rufe.

"Ka gani!" in ji Awaisu. "Har bakinka ta ɗaure."

Ƙarfe takwas motarsa ta cika. Ya bar Sokode ransa a jagule, kujerar da ya saba da ita kamar an zuba mata tsakuwa. Ya gyara madubi sau uku kafin Bafilo. Ya kunna rediyo ya kashe. A Kara, da wani mai babur ya gifta masa, ya zage shi zagin da ya fi laifin girma, har fasinjan baya suka ba shi haƙuri.

Shekara goma sha bakwai yana cin abincin Rabi. Ya san ta tun tana da tukunya ɗaya gindin dalbejiya, mijinta masunci bai daɗe da rasuwa a kogin Oti ba, ga 'ya'ya huɗu. Shi ne direban farko da ya tsayar mata da mota, ba don tausayi ba, don ƙamshin miyar ya ja shi. Shekarar da injinsa ya buga a Mango ya yi kwana huɗu, ita ta ciyar da shi safe da rana da maraice, ta kuma aika masa da tabarma. Yaya yake kiranta, ita kuwa ba ta taɓa kiransa direba ba, sunansa take faɗa gatsau kamar ƙaninta. Wannan matar ce yau ake cewa ta zuba masa sammu, kuma da hannunsa ya shirya mata hujjar.

A kujerar gaba akwai Hajiya Khairiya, mai fataucin atamfa, wadda ba ta hawa motar kowa sai tasa, don ta ce hannunsa yana da sanyi. Sun wuce Niamtougou ta juyo.

"Direba, in mun isa Mango kar ka tsaya da mu wajen matar nan. Ka tsallaka ɗaya gefen."

"Wace mata, Hajiya?"

"Kai ma ka sani. Dubi wuyanka yadda ya fito. Allah dai ya isar maka."

Daidai nan suka shiga gangaren Defale. Ya sa giya ta biyu, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. A kwana ta uku ga ramin Fousséni nan, ciyawa ta rufe shi, amma duk direban hanyar ya san wurin. Kullum in ya zo nan sai ya ji bugun zuciyarsa a kunne, ya riƙa tambayar kansa ko ya sha ƙwayar safe. Ya sha. Ya san ya sha. Duk da haka sai da ya taɓa gwangwanin ta saman aljihu. Ya leƙa madubi ya ga wata mata tana shayar da jariri, wani dillalin shanu yana gyangyaɗi baki buɗe, kowa ya saki jiki da shi. Kunya ta kama shi, irin wadda ya yi wata huɗu yana ture ta gefe.

Daga Kante zuwa Mango titin miƙaƙƙe ne, ba abin da ke hana mutum tunani. Ya ce a ransa zai zauna ya cinye kwanon gaban kowa, kwano ɗaya ba zai kashe shi ba. Sai ya ji muryar Awaisu tun kafin Awaisu ya faɗa: ai kiranye ta yi masa, ya koma da ƙafarsa. Ya ce to zai wuce kawai, ya lallaɓa har mako ukun nan su cika, ya samu takarda, sannan ya wanke ta. Amma mako biyar sun riga sun wuce, uku kuma a kai, mai abinci da ta yi wata biyu ba mota ai ta tashi daga mai abinci. Kuma in ya wuce yau, shi da aka ce an yi wa, ya sa hannu ke nan a kan maganar. Ya juya abin ta nan, ya juya ta can, har ƙarfen gadar Oti ya fara ƙara ƙarƙashin tayoyi bai tsayar da komai ba.

Ƙafarsa ce ta yanke hukunci. Ta taka birki inda ta saba takawa.

"Direba!" in ji Hajiya Khairiya.

"Mai son tsallakawa ya tsallaka, Hajiya. Minti ashirin."

Suka tsallaka kuwa, kusan dukansu. A ɗaya gefen motoci uku ne tsaye gaban wata sabuwar rumfa, direbobinsu suna ci suna leƙowa. A rumfar Rabi benci huɗu ne, ba kowa a kai sai wata akuya da ta samu inuwa. Manyan tukwane biyu ne kawai a kan wuta maimakon biyar, sai wata ƙaramar baƙar tukunya a murhun baya, wadda tun da yake zuwa bai taɓa ganin an zuba wa kowa daga cikinta ba.

"Sannu da aiki, Yaya."

Rabi ta juya ga tukwanenta. Ta ɗauki babban kwano ta zuba shinkafa da wake, ta ɗora taliya, ta kwarara miya har man ya taru a gefe, ta sa soyayyen kifin Oti guda da cukun wagashi biyu da ƙwai. Ta dire shi a gabansa.

"Yau babu leda, Ɗan Azumi. Ko ka ci a nan ina kallo, ko ka gaya mini abin da na yi maka." Muryarta ba ta tashi ba. "Jikata ta dawo daga makarantar lakwal tana kuka, an ce mata kakarta tana shanya mutane da sammu. Ni Rabi. Da tukwanen nan na aurar da 'ya'ya uku."

Ƙamshin ya daki hancinsa, yawu ya cika masa baki. Wallahi yana son abincin nan, bai taɓa daina so ba, shi ya sa ma yake gudun zama a gabansa. Ya dubi kwanon, ya dubi titi. Direbobin can sun daina ci. Hajiya Khairiya tana tsaye bakin kwalta da ledar ruwa a hannu.

Ya miƙe. Ya fita daga rumfar zuwa bakin titi inda kowa zai ji shi, ya ciro gwangwanin alawa ya buɗe, ya zazzage ƙwayoyin a tafin hannu ya ɗaga sama.

"Jama'a, ku saurara! Tansiyo gare ni! Wata huɗu ke nan. Likitan lopital ya ce in rage ci, in rage mai, in riƙa tafiya da ƙafa, shi ne ramar da kuke gani. Ga maganin nan. Ledar da na ajiye a mararraba don mai yunwa na ajiye, ba malamin da ya aike ni. Matar nan ba ta zuba mini komai ba sai alheri. Ni ne na ɓoye, don tsoron makulli."

Sai Hajiya Khairiya ta saki ledar ruwan.

"Innalillahi! Da tansiyo ka sauko da mu Defale? Da jariri a motar?"

"Ina shan magani, Hajiya. Ya sauka."

"Ya sauka a bakinka! Ina takardar?"

Ya san gaskiyarta ce. Yana kallo ta zaro waya daga jaka. Ɗaya daga cikin direbobin can ma ya juya baya da tasa a kunne.

Ya koma cikin rumfa. Ya ɗauka Rabi za ta yi hamdala, ko ta yi kuka, ko dai ta ce sannu. Sai ta ɗauke kwanon daga gabansa ta juye shi cikin tukunya, ta kankare da cokali har ƙwayar shinkafa ta ƙarshe.

"Saboda gwangwani," ta ce. "Ka bar ni mako biyar ana nuna ni da baki saboda gwangwani."

"Wallahi Yaya, sai yau da safe na ji."

"Ba ka ga bencina ba? Kwana biyu-biyu kake wucewa ta nan."

Ya gani. Ya ga bencin yana raguwa, ya karɓi ledarsa ya yi gaba, don kansa yana kan awon jininsa. Wannan ta fi maganar Hajiya Khairiya ciwo.

"Tashi ka tafi," in ji Rabi, ta juya masa baya. "Fasinja na jiranka."

Ba duka suke jiransa ba. Hajiya Khairiya ta sa an sauke dilolinta, mai jaririn ma ta koma wata motar. Sauran suka shiga shiru, kowa ya ƙura wa ƙeyarsa ido. Ya ja su zuwa Dapaong a hankali, cikinsa yana kuka, ko tari ya yi sai ya ji wani ya ce "Lafiya, direba?"

Labari ya riga shi isa, ba mamaki. Alhaji Zakiyyu, shugaban direbobin tashar, yana zaune a bakin ofis da kofin shayin la'asar, yana jefa masa sukari ɗaya bayan ɗaya.

"An ce ka yi wa'azi a Mango."

"Na yi, Alhaji."

"Da ka yi shiru mako uku, wa zai sani?" Ya girgiza kai ya juya cokali. "Yanzu ka ɗaure mini hannu. Na kira mai motar, ya ce gobe wani zai koma da ita. Ka kawo takarda, in akwai motar da ba direba, mu gani. Ban yi maka alkawari ba."

Ɗan Azumi ya cire makullin daga zoben da ke ɗauke da na gidansa. Zoben ya yi tauri, sai da ya sa farce. Shekara tara yana jan motar nan, ya san kukanta fiye da tarin 'ya'yansa. Ya ajiye makullin kusa da kwalin sukari, ya je ya kwashe 'yan kayansa: buta, dardumar salla, tawul, jakar tufafi. Fanbel ɗin yana ƙarƙashin kujera. Ya ɗauko ya duba, ya jefa shi cikin kwandon shara.

Ya yi salla, ya zauna a benci, zaman ya gagara. Ya ɗauko waya zai kira Salamata, ya rasa ta inda zai fara, ya mayar. Sai ya tashi ya kama zagaya tashar, hannu wofi, da sauri, ta gaban masu sayar da doya da masu babur da ofishin Alhaji Zakiyyu. Aka bi shi da kallo. Wani ya yi dariya. Bai rage sauri ba, don ba sauran abin da za a gano.

Yana zagaye na huɗu motar Awaisu ta shigo. Awaisu ya sauko yana sakace, leɓensa yana ƙyalli da mai, ya nufo shi da wani abu ɗaure cikin ɗankwali. Yau dai, abin mamaki, muryarsa ta ragu da gaske.

"Yaya, ka yafe mini. Bakina ne." Ya sosa ƙeya. "Na tsaya wajenta. Mu uku muka tsaya, har shinkafar ta ƙare. Ta ce a ba ka wannan."

Ɗan Azumi ya kwance ɗankwalin. Ƙaramin kwanon sha ne mai murfi, bakinsa ya ɗan ɓantare. A ciki tuwon dawa ne ɗan madaidaici, da miyar zogale ba ɗigon mai, da gasasshen kifi rabi.

"Daga ƙaramar tukunyar nan ta baya ta zuba," in ji Awaisu. "Ta ce nata ne. Shekara shida shi take ci, tun da lopital ta ce ita ma tana da tansiyo. Ta ce da ka buɗe baki tun farko, hannu ɗaya na garin tuwo za ta ƙara, ta dafa har da kai."

Ɗan Azumi ya ƙura wa kwanon ido.

"Ta ce kuma kwanon, kar ka aiko kowa da shi. Ranar da ka tsayar da mota gabanta da fasinjanka, ranar za ta karɓa."

Ya zauna a bencin ya wanke hannu da butarsa. Miyar ba gishiri sosai, sai daddawa da ɗan yaji. Ya ci a hankali, ya sa yatsa ya suɗe gefen, karo na farko cikin wata huɗu da ya ga ƙasan kwano ba tare da fargaba ba. Ya wanke shi tas, ya goge da tawul, ya naɗe cikin ɗankwalin, ya tura can ƙasan jaka tsakanin tufafinsa.

"Awaisu, ka ajiye mini kujera gobe zuwa Sokode. Ta baya."

"Haba Yaya, gaba za ka zauna. Mu tsaya Mango ka yi mata godiya."

"Ku tsaya ku ci," in ji Ɗan Azumi, yana zuge jakar. "Ni a mota zan jira ku. Ba a matsayin fasinja ta ce in zo ba."